MyTherapy ko Medisafe? Amsa ga 'yar'uwar da mahaifiyarta za ta fara kemo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ce. Kin tambaya wace manhajar tunatar da shan magani za ki sauke, MyTherapy ko Medisafe, yanzu da Mama za ta fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Tsakanin biyun, ki sauke MyTherapy.

Ita na riƙe lokacin da Hajiyarmu ke jinyar kansar mama. Duk bayan kwana 21 muke zuwa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, a ɗaura mata ruwan kemo, kafin nan kuma sai an yi gwajin jini. Ga maganin amai, ga na ciwo, kowanne da lokacinsa. Da farko a bayan kwalin magani nake rubutawa, har ranar da ni da ƙanwata muka tsaya muna gardama a tsakar gida kan ko an ba ta na safe ko ba a ba ta ba. Daga ranar na zuba komai a waya. Lokaci na yi za ta yi ƙara, in ba ta maganin, in danna alamar an sha.

Amma abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne wurin rubuta yadda mara lafiya ta wuni. Kin san iyayenmu da kawaici, likita na tambaya sai su ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi", alhali kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ni kuwa kullum ina shigar da amai, ciwon baki, nauyinta da zafin jikinta. Ranar ganin likita na buɗe masa rahoton, ya ga aman a rana ta biyu da ta uku yake tsananta, ya gyara mata magani. Zagaye na gaba har tuwo ta nema. Yanzu tamoxifen take sha, maganin hana kansar mama dawowa, ƙwaya ɗaya kullum na tsawon shekara 5, kuma manhajar ce ke tuna mini idan ya kusa ƙarewa. Kamfanin Jamus ne ya yi ta, kyauta ce, mu da Turanci muke amfani da ita.

Medisafe ita ma tana tunatarwa, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Tana iya sanar da wani ɗan'uwa idan an tsallake magani, to mu da muke ɗaki ɗaya da Hajiya wannan bai ƙare mu da komai ba.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Da zarar an ji kuna jinyar daji, masu "maganin kansa sadidan" za su yi miki caa a WhatsApp da Facebook, wasu har su ce a ajiye kemo. Kada ki saurare su, kuma ko ganye ne kada Mama ta sha sai likitanta ya sani. Wasu kuma manhaja za su turo wai ta tallafin marasa lafiya, su nemi BVN. Daga Play Store kaɗai za ki sauke. Magani ma ki saya a amintaccen kantin magani, ki duba lambar NAFDAC.

Bayan kin sauke, ki shiga saitin batir ki cire ta daga cikin waɗanda waya ke kashewa, in ba haka ba ƙarar na iya yin shiru. Ki sayi ma'aunin zafin jiki kuma. Idan ya kai 38 a kwanakin kemo, musamman mako na biyu da garkuwar jiki ke yin ƙasa, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti.