Fanel ɗinsu ya yi kyau, amma sun sa mana Y0 a wuri biyu

Ni ke kula da harkar wuta a wata masana'antar ruwan leda da ke Sharada, kuma wannan sharhi a kan waɗanda suka haɗa mana fanel na PLC ne, wato ƙaramar kwamfutar da ke kunna injina tana kashe su, mai sarrafa sumo na rijiyar burtsatse da babban tankinmu. Da niyyar ba su tauraro uku na zauna. Aikin hannunsu ba laifi: Mitsubishi FX3U na asali suka kawo, ba irin kwafin da ya cika kasuwa ba, kowace waya da lambarta, ba wadda ke lilo. Duk wanda ya buɗe ƙofar fanel ɗin sai ya yaba.

Matsalar daga wani ɗan ƙari ta taso. Sun gama aiki suna shirin tafiya, Alhaji ya ce yana son a sa swicin da za a riƙa tayar da sumo da hannu idan ana wanke tanki. Yaronsu ya buɗe laftof, ya gangara can ƙasan shirin tsanin, wato jerin layukan umarnin da PLC ke bi, ya ƙara layi guda, ya tura cikin PLC. Aka murɗa swici, famfo ya tashi. Aka mayar, ya tsaya. Tanki a cike yake ranar, don haka ba wanda ya ga yadda zai yi idan fulot, swicin da ke shawagi a kan ruwan tanki, shi ne ya nemi ruwa da kansa. Suka karɓi cikon kuɗinsu suka wuce.

Da dare ruwa ya sauka, fulot ya yi aikinsa, koren fitilar da ke nuna famfo na aiki ta kama. Yaran dare suka ga kore, hankalinsu kwance. Ashe ko ɗigo ba ya shiga tanki. Ba su farga ba sai da injina suka fara liƙe leda rabi da rabi, daga baya babu komai a ciki sai iska. Ledar da aka ɓata daban, motocin da suka yi sammako suka koma wayam daban.

Da na iso, obalod mai kare famfo daga jan wuta fiye da kima bai faɗi ba, kontakta mai ba famfo wuta lafiyarta lau amma ba ta ja ba. A jikin PLC fitilar X1 ta fulot tana ci, ta Y1 mai kunna koren tana ci, ta Y0 mai jan kontakta a mace. Na jona GX Works2, manhajar da ake rubuta shirin PLC da ita, na duba. Layin sama duk kontak ɗinsa sun yi shuɗi tun daga hagu, hanya a buɗe, amma koyil ɗin Y0, wato alamar fitar da umarni da ke ƙarshen dama, bai kama ba. Na gangara ƙasa, sai ga wani Y0 ɗin a layin da yaron ya ƙara.

Wanda ya saba da fanel na rile zai ɗauka hanya biyu ce zuwa famfo ɗaya, kowacce ta kawo wuta shi ke nan. PLC ba haka yake tafiya ba. Yana karanta shigarwa gaba ɗaya, ya bi layuka daga sama zuwa ƙasa yana rubuta sakamako a ƙwaƙwalwarsa, sai ya kai END, ƙarshen shirin, sannan ya fitar da abin da ya rage zuwa tashoshin fita. Layin sama ya rubuta Y0 a kunne. Layin fitila, da yake a tsakiya yake, ya karanta Y0 ya tarar a kunne, ya kunna Y1. Layin ƙasa ya zo ya tarar swicin hannu a kashe, ya goge ya rubuta Y0 a kashe, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Haka yake maimaitawa sau da yawa a kowace daƙiƙa, fitila na cewa ana aiki, famfo na kwance. Littafin shirye-shirye na FX ya bayyana wannan ƙarara, cewa idan aka yi amfani da koyil ɗaya sau biyu, na baya ke rinjaye. Ba ɓoyayyen ilimi ba ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wayar da muka yi da babban injiniyansu. Kafin in gama bayani ya ce fulot ɗinmu ne ya lalace. Na ce, "Injiniya, X1 fa na ci, Y0 kuka rubuta a layi biyu." Ya ce in da kuskure ai manhajar ba za ta karɓa ba. Za ta karɓa mana. Koyil biyu ba ya hana shiri shiga PLC, shi ya sa yake da haɗari. Amma a cikin GX Works2 ɗin akwai wurin binciken shiri da ke zaƙulo irin wannan, dannawa ɗaya ce, kuma a gabana yaron ya tura ba tare da ya taɓa wurin ba.

In faɗi gaskiya, da suka zo daga baya gyaran da suka yi mai tsabta ne. Layin fulot suka mayar ya kunna M0, layin hannu ya kunna M1, waɗanda rile ne na cikin ƙwaƙwalwar PLC, sannan layi guda kacal ya haɗa su biyun ɗaya bisa ɗaya, kowanne ya kama ya isa, ya kai ga Y0 a ƙarshen dama. Layin fitila suka sauko da shi ƙasan wannan. Na kusa hucewa.

Sai dai muna cikin gyaran na lura da wani abu da ya fi na farko muni. Kariyar da ke tsayar da sumo idan ruwan rijiya ya ja baya, a layin fulot kaɗai suka sa ta. Layin hannu daga swici sai koyil, ba komai a tsakani. Kenan duk ranar da aka murɗa zuwa hannu aka manta, sumo zai yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, kuma kowa ya san abin da ciro sumo daga rijiya da sayen sabo ke ci yanzu. Ni na nuna musu, ba su suka gano ba. Sai a lokacin aka ɗauko kariyar aka dasa ta a layin ƙarshe, gab da Y0, inda kowace hanya dole ta bi ta kanta. Bayan duk wannan kuma yaron ya tsaya yana tambayar Alhaji kuɗin mota, a kan aikin da su suka ɓata.

Tauraro biyu na ba su. Ba su kulle shirin da lambar sirri ba, wannan na gode, don da sun kulle da ban ga komai ba daren nan. Amma abin da na zaro daga PLC tsirara yake, X da Y da M kawai, ba bayanin ko ɗaya, sai da na riƙa bin waya da mita kafin in san wane ne wane. Sun ce za su turo fayil ɗin asali mai bayanai ta WhatsApp, har yau ina jira, kuma Alhaji ya ce ba za a yi maganar fanel na injin tace ruwa da su ba sai fayil ɗin ya iso.