Hoton iyali a Seoul: situdiyo ko hanbok a Fadar Gyeongbokgung?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kawo su Baba da Hajiya lafiya. Ka tambaya inda ya fi dacewa ka yi musu hoton iyali in sun zo Seoul: a situdiyo, ko a fada cikin hanbok, wato kayan gargajiyar Koriya. Tunda a watan Oktoba za su sauka, tsakanin situdiyo da fada ba sai an ja magana ba: ka kai su Gyeongbokgung, ka yi musu hayar hanbok, ka ɗauki mai hoto na awa ɗaya. Na gwada duka biyun, kuma na fadar kaɗai nake tura mutane.

Situdiyo yana da kujera da ɗumi, ruwan sama kuma bai hana komai. Da a sanyin Janairu za su zo, ko a damina ta ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da na ce ka lallaɓa can. Ban da wannan, hoto ne a gaban farin bango wanda ko a Kano za a iya ɗauka, babu mai kallo ya san an taka Koriya. Ga kuma gyaran fuska, wanda a nan ake yi ba tare da an tambaye ka ba: a haska fata, a rage haɓa, a share duk wani layi. In Hajiya na da tsagar gado a kumatu, mai gyaran zai iya ɗauka tabo ne ya goge. Ba abin da ya kai baƙin ciki irin ka biya kuɗi a miƙo maka hoton mahaifiyarka da fuskar da ba tata ba.

Fadar kuwa wani abu ne daban. An gina ta a 1395, farkon daular Joseon, ita ce babba cikin fadojin Seoul. Dattijo ya sa doguwar rigar hanbok ya tsaya a bakin tafkin Gyeonghoeru, rumfar mai ginshiƙan dutse na tsakiyar ruwa, dutsen Bugaksan na bayansa, ganye ya fara ja da ɗorawa a ƙarshen Oktoba. Tsofaffin Koriyawa sukan tsaya su yi murmushi su ɗan rusuna, wasu har su nemi a ɗauka tare. Iyaye sun fi sakin jiki a irin wannan wuri, suna tafiya suna kallo suna tambaya, mai hoto na binsu yana ɗauka. A nan ne fuskarsu ta gaske take fitowa.

Kada ka sa ranar Talata, a rufe take. A Oktoba ana buɗewa ƙarfe 9 na safe a rufe 6 na yamma, amma daga ƙarfe 5 an daina shiga. Tikitin babba won 3,000 ne, a kuɗin Koriya. Wanda ya sa hanbok cikakke kyauta zai shiga, haka ma mai shekara 65 zuwa sama, don haka ku riƙe fasfo. Jirgin ƙasa layi na 3, tashar Gyeongbokgung, ƙofa ta 5 tana fitar da ku cikin harabar. Shagunan haya sun cika titunan da ke yamma da fadar da wajen tashar Anguk, galibi won 15,000 zuwa 30,000 ne na 'yan awanni, ya danganta da kyan yadin. Ku karɓi na awa huɗu. Na awa biyu ba ya isar dattijo, kuma duk lokacin da ya wuce sai an biya.

Ku isa shago da zarar ya buɗe, don shiryar da mutum huɗu kan ci rabin awa ko fiye. Ana canjin masu gadi a ƙofar Gwanghwamun ƙarfe 10 da ƙarfe 2, kamar minti 20 ake yi, da ganguna da tutoci. Ku kalli na 10, sannan mai hoto ya fara aiki.

Kan suturar, Hajiya ba ta da matsala. Siket ɗin, chima, a saman ƙirji ake ɗaure shi ya sauka har ƙasa, 'yar rigar sama, jeogori, mai dogon hannu ce, hijabi kuma yana zama a kai da kyau. Ta sa riga mara nauyi mai dogon hannu a ciki, domin wasu yadikan shara-shara ne. Akwai siket na ciki mai waya da ke buɗa chima. Ka ce a ba ta mara waya, mai wayar yana hana zama kuma yana rufe wa mutum ganin matakala. Baba zai sa wando da rigar sama, sannan durumagi, doguwar rigar waje, a kai. Kada ya ɗora durumagi kaɗai a kan wandonsa, ba za a lissafa shi hanbok a wajen shiga ba. Hularsa ta gida ta fi gat, baƙar hular gargajiyar Koriyawa, yi masa kyau, ya bar ta a kansa. In kuma ya zo da babbar riga, bayan an mayar da kayan haya ya sa ta a sake ɗaukar wasu a gaban Gwanghwamun, daga waje ba a biyan komai. Ni a ganina wannan ne zai fi daɗewa a bango.

Launi a zaɓi mai ƙarfi: ja, shuɗi mai duhu, kore, ruwan goro. Fari tas yana ruɗar kyamara, ta rage haske don kada rigar ta ƙone, sai fuskar baƙin mutum ta nutse. Ranar tsaka ma haka take yi, ta bar inuwa a kwarmin ido. Maganinsa inuwar barandar nan mai jajayen ginshiƙai da ta kewaye zauren Geunjeongjeon. Ka gaya wa mai hoto ya auna haske da fuska, ba da gini ba, kuma tun kafin ku yi ciniki ya nuna maka hotunan baƙaƙen fata da ya taɓa ɗauka. In ba shi da ko ɗaya, nemi wani.

Filin gaban Geunjeongjeon da faffaɗan duwatsu marasa santsi aka shimfiɗe shi, wani ya ɗara wani tsawo. Takalmi mara tudu kawai, kuma ka riƙe hannun Hajiya. Ana ba da aron keken guragu kusa da mashiga in gwiwa na damun Baba. Rumfar Hyangwonjeong na can ciki da nisa, in sun gaji a tsaya a Gyeonghoeru, ya wadatar. Unguwar Bukchon mai gidajen gargajiya kuwa hawa ce, gidajen mutane ne, kuma tun Maris 2025 ana cin tarar won 100,000 ga ɗan yawon buɗe ido da ya shiga layin da aka fi cunkoso tsakanin 5 na yamma da 10 na safe. Ban ga dalilin wahalar da su ba. Bayan kun gama, Babban Masallacin Seoul da aka buɗe a 1976 yana Itaewon, ga gidajen abincin halal a layin. Ku shiga tasi, hawan masallacin ya yi wa tsoho tsauri.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi mutum uku. Na farko situdiyon da ke tallan hoton iyali kyauta ko da kuɗi kaɗan. Sai an gama ɗauka, iyaye sun ga kansu a allo, sannan a ce firam da ainihin fayilolin kuɗinsu daban, kuma kuɗi mai nauyi. Na biyu mai hoton Instagram da ke neman kuɗi duka kafin ranar. Kafin alƙalami kawai za ka ba shi, kuma ku rubuta a saƙo: hoto nawa zai gyara, zai ba da na asali ko a'a, kwana nawa, me za a yi in an yi ruwa, da sharaɗin ba a taɓa launin fata. Na uku masu tare baƙi a titi bibbiyu, da fara'a, su ce za su kai ka bikin gargajiya a sa maka hanbok kyauta. Ƙungiyar addini ce, ruku'u za a sa ku a gaban teburin hadaya, a ƙarshe a nemi kuɗi. Ka gargaɗi su Baba tun a gida, don kunya kan hana dattijo cewa a'a. In an cuce ku a shago, kira 1330, layin 'yan yawon buɗe ido ne kuma suna jin Turanci.

Rumfunan hoto na titi irin su Photoism, won 4,000 zuwa 5,000 su ba ka tsiri biyu, sun yi wa jikoki tsaraba, sai dai ka sauke hoton ta lambar QR a ranar, don ba ta daɗewa take mutuwa. Na fadar kuwa ka wanke masu girman inci 8x10 guda uku ko huɗu a nan Seoul, ka sa su tsakanin kwali biyu masu kauri a jakar hannu. Firam mai gilashi a bari sai an isa gida, a akwati fashewa yake.