Gyaran Peugeot 504 ta babanmu: inji ya tashi, fenti ya ɓata min rai

Duk wanda ke da tsohuwar Peugeot 504 jibge a gida, kada ya yi saurin sauraron dillalai. Tamu ta marigayi mahaifinmu ce, haɗin Kaduna, ƙirar 1982, ta daɗe a rumfa lulluɓe da tamfol. Dillalan da suka zo kuɗin ƙarfe suka taya, irin na 'yan gwangwan. Wani ko bonet bai ɗaga ba, taya kawai ya shura da ƙafa ya yanke farashi.

Sai aka haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya tashi a kan gyaran 504. Na miƙa masa makulli, na ce ga sabon batir nan na saya. Ya ce, "Ɗana, mayar da makullin nan aljihu. In ka murza shi yau, ka kashe injin." Ya kwance fulogi duka 4, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya ce a bar shi ya jiƙa. Da ya dawo, da sifana ya riƙa juya injin a hankali, kunnensa a kusa, har ya ji ya saki. Sannan ya sauke tanki. Wallahi abin da ya fito ba ka ce fetur ba ne, ja ne mai danƙo, ga wani irin wari, kuma shi ya toshe kafireta. Ya wanke ta tas, ya canza baƙin mai da fanbel da robobin lagireto da suka bushe suka tsattsage, ya ɗinke wayoyin da ɓeraye suka ci, ya saki birkin da ya kame. Ranar da motar ta tashi, Hajiyarmu daga cikin ɗaki ta gane ƙarar, ta fito tana share hawaye.

Shi ne ma ya nuna min inda darajar motar take. Ya ɗaga kafet ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya leƙa cikin but, babu inda tsatsa ta huda. Lambar inji ta yi daidai da takardu, kujeru na asali ne. Kayan gyara kuwa ba su ba mu wahala ba, tunda an yi ta haɗa 504 a Kaduna daga 1975 har bayan shekarar 2000, abin da muka rasa a kasuwar Panteka mun samo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Da a nan aka tsaya, da ba ni da abin cewa sai godiya. Amma na gaya masa da bakina a bar fentin asali, a goge shi kawai. Ina zuwa na tarar ya miƙa ta ga mai fentin da ke maƙwabtaka da garejinsa, an fesa mata wani fari mai ƙyalli a kan ruwan madarar da muka san ta da shi, har kan robobin gilashi. Tambarin zakin gaba kuma ya ɓace, an manna na roba. Mutumin da ya koya min cewa kayan asali su ne kuɗin mota, shi ya bari aka yi haka! Na yi magana, ya ce, "A yi haƙuri, yara ne." Haƙurin bai dawo da fentin ba.

In inji ne, ku kai masa ido rufe. Bodi kuwa ku tsaya a kai da kanku. Cikon kuɗin fenti yana hannuna sai an nemo min zakin.