Kantar akirilik mai hawa uku ta jera kibod: kyau akwai, amma ƙurar Kaduna fa?

Duk wanda ya tara kibod na makanikal (irin wanda kowane madanni ke da nasa makunnin a ƙarƙashi) uku ko huɗu ya san ɗaya ne ke samun wuri a kan tebur. Sauran ko suna cikin kwali, ko an jibge su a kan juna, gindin na sama yana gogar hulunan madannan na ƙasa. Abin da aka fi tallatawa a shagunan intanet don maganin wannan shi ne kantar akirilik, robar nan mai kama da gilashi. A wargaje take zuwa: gefe biyu masu tsaga, da sandunan da ake zurawa su riƙe su. Babu noti, babu gam, cikin minti biyar an haɗa ta.

Ga ƙananan kibod na roba, ta yi. Mai madannai 61, wanda faɗinsa bai wuce santimita 30 ba kuma bai kai kilo ɗaya ba, zaune yake daram, a karkace, ana ganin fuskarsa tun daga bakin ƙofa.

Matsala tana farawa ne daga masu jikin alminiyam. Kibod samfurin Keychron Q1 kaɗai ya haura kilo ɗaya da rabi. A jera irinsa uku, an ɗora wa roba kusan kilo 5. Akirilik mai kaurin milimita 3 ba ya ɗaukar wannan. Sai gefen ya fara lanƙwasa, sannan wani siririn layi ya ɓullo daga kusurwar tsagar, inda nauyi ke taruwa, ya yi ta tafiya har ranar da zai ɓalle. A tambayi mai sayarwa kauri kafin a biya, kada a karɓi ƙasa da milimita 5, kuma mafi nauyi a hawan ƙasa yake zama. Bakin tsagar ma da kaifi, yana kankare launin alminiyam, don haka a liƙa masa siririn ƙyalle mai laushi. Shi kuwa babban kibod mai madannai 104, faɗinsa kusan santimita 44 ne, yana zarce kantar hagu da dama, yaro na taɓa gefe ɗaya zai tuntsure.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo kan ƙura. An ƙera kantar ne don ɗakin da ba ya ganin hunturu. A nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko an rufe taga ruf, da safe za a iya rubuta suna da yatsa a kan tebur. Kantar a buɗe take ta ko'ina, ga shi akirilik da kansa janyo ƙura yake yi, musamman idan iska ta bushe. Ƙurar tana bin gefen sandar makunni ta shige ciki, ta haɗu da man da aka shafa masa, irin su Krytox 205g0, ta koma kamar yashi. Nan ne madanni ke fara ƙaiƙayi a yatsa, ko a danna harafi sau ɗaya ya fito biyu. Mai gaggawa kuma sai ya ɗauko sifirit ya goge kantar, ya jawo wata ɓarnar, domin sifirit na sa akirilik ya yi ƙananan tsatstsage da ba sa gyaruwa. Busasshen tsumma ma zane yake bari. Jiƙaƙƙen ƙyalle da ɗigon sabulun ruwa ya wadatar.

A kuma nisanta ta daga taga. Rana na mayar da hulunan madannai na robar ABS ruwan ɗorawa, na robar PBT sun fi juriya, sannan zafi na kumbura batirin kibod mara waya.

A ganina, mai kibod masu tsada gara ya nufi wajen kafintoci a kasuwar Panteka ta Kaduna da awonsa a takarda. Akwati mai faɗin santimita 48 daga ciki, zurfi 18, tsakanin hawa da hawa 16, da katako mai kaurin milimita 18. Kowane hawa a yi masa ɗan leɓe a gaba don kada kibod ya zame. Ƙofar gilashi, a zagaye bakinta da soso siriri yadda za ta rufe gam. A dage kan busasshen katako, don ɗanye zai murɗe da hunturun farko, ƙofar ta daina haɗuwa. Bayan fenti a bar shi ya sha iska har warin ya fita kafin a sa komai. Saboda laimar watan Agusta, a jefa ƙullin silika biyu ko uku, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Idan a bango za a rataye, fisha huɗu (robar da ake cusawa a hudar bango ta riƙe noti) da dogayen noti, a kuma tabbatar sun kama siminti, ba ramin bulo ba.

Kantar akirilik ta dace da mai ƙananan kibod na roba biyu ko uku, da sharaɗin ya riƙa lulluɓe su da ƙyalle, yana bi da buroshi mai laushi duk mako.