Wankin haƙori: na inji, na hoda ko bilicin, wanne ya kamata ka biya wa kuɗi?

In ka shiga asibitin haƙori ka ce kana so a wanke maka haƙori, da wuya a ce maka kuɗi kaza ne shikenan, sai dai a fara jero maka, akwai sikelin, akwai folishin, akwai na iska da hoda wanda wasu ke ce wa Airflow, ga kuma bilicin, kowanne da farashinsa, kuma ba lallai mai tsadar ne zai yi maka maganin abin da ya kai ka ba. Ni dai shawarata kafin ma ka tambayi kuɗi, ka ɗauki madubi ka tsaya inda haske yake ka buɗe baki ka ga wane irin datti ne da kai, don shi zai gaya maka wanne za ka saya.

Akwai farin dattin nan mai laushi da in ka kankara da farce yake fitowa, wannan taron ƙwayoyin cuta ne da guntayen abinci, burushi da asuwaki suna fitar da shi, ba ka buƙatar biyan kowa. Amma in aka bar shi ya kwana ya wuni, sinadaran da ke cikin yawu sai su sandarar da shi, cikin 'yan kwanaki ya fara tauri ya zama kanta, ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya, to daga nan fa ko burushi goma ka karya ba zai fita ba. Sa harshenka a bayan haƙoran gaba na ƙasa, in ka ji gurje-gurje ko ka ji ramukan tsakanin haƙoran sun cike sun shafe, ita ce. Can ta fi taruwa, sai kuma gefen turamen sama ta wajen kunci, saboda nan ne hanyoyin yawu suke ɓullowa. Ita ce ke sa dasashi kumbura da jini in ana goge baki, da warin bakin da ba ya jin makilin.

Na biyu tabo ne na waje, na goro da shayi da kofi da sigari da shisha, har da maganin ƙarin jini na ruwa, da ruwan kurkure baki mai sinadarin kulohekzidin in mutum ya zarce da shi makonni ba tare da likita ya ce ba. Na uku kuma launi ne da yake cikin haƙorin kansa, wannan za mu zo kansa, don nan ne mutane suka fi asarar kuɗi.

To sikelin shi ne asalin aikin. Wani ɗan ƙarfe ne siriri mai lanƙwasa da yake girgiza sama da sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, ruwa na fesowa ta bakinsa yana sanyaya shi yana wanke wurin, ga wani bututu a gefen baki yana zuƙe ruwan, kantar sai ta riƙa ɓantarewa tana fitowa gutsure-gutsure, wani lokacin har ka ji ta a harshe kamar tsakuwa. Inda injin bai kai ba sai a bi da ƙarfen hannu a kankare. Ƙarar ba daɗi gaskiya, wani tsiiii ne da ke shiga kunne, kuma in dasashinka dama a kumbure yake za ka ga jini in ka tofar, wannan ba wai an ji maka ciwo ba ne, ciwon da ke wurin ne ya bayyana. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, to wannan za ka biya, sauran duk ado ne a kansa.

Nan ne kuma ake yawan cewa wai wankin haƙori yana buɗe wushirya yana sa haƙori girgiɗi, har wani ya rantse maka cewa yayansa lafiya lau yake sai da aka wanke masa. Abin da ya faru shi ne, kantar ta shekara da shekaru tana cin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, ita kuma ta cike gurbin ta riƙe haƙoran kamar ba komai, ranar da aka cire ta sai ramin da ta haƙa ya fito fili. Inji bai haƙa ramin ba. Da an bar ta, ƙarshenta haƙorin ne zai fita da kansa. Abin da yake gaskiya shi ne bayan wankin za ka iya jin zirr in ka sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki, yawanci yana wucewa, man goge baki na masu irin wannan matsalar kamar Sensodyne yana taimakawa.

In likita ya sa wani ɗan ƙarfe mai alamun awo tsakanin haƙori da dasashi yana kiran lambobi, zurfin aljihun dasashin yake aunawa. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, in ya fara kai 4, 5, 6 to kantar ta gangara ƙasa, wankin sama-sama ba zai isa ba, sai an yi na ciki har jikin saiwar, sau da yawa da allurar kashe zafi kuma ba a zama ɗaya ba. Kuɗinsa ya fi, kuma wannan kam ba dabarar cin kuɗi ba ce, musamman ga mai ciwon suga, don shi ciwon dasashi ya fi kama shi kuma yana iya dagula masa sugan.

Folishin na roba shi ne wanda ake yi a ƙarshe, wani ɗan kofin roba da bai kai kan ɗan yatsa ba yana juyawa a hankali, ana lakato wani man mai yashi-yashi da ƙamshin na'a-na'a ana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Yana fitar da tabon shayi da ba su yi nisa ba, ka fito kana jin haƙoran sumul. Amma ba ya cire kanta ko kaɗan, kuma ba ya shiga lungu sosai. Man ma iri-iri ne, akwai mai kaushi akwai mai laushi, mai kaushin ya fi saurin cin tabo amma yana karce ciko da saiwar haƙori in ta fito, shi ya sa ƙwararru da yawa yanzu inda tabon yake kaɗai suke gogewa ba baki gaba ɗaya ba. A mafi yawan wurare kuɗinsa a cikin na sikelin yake, don haka ka tambaya tun farko, in aka ce daban ne to ka san da sani. Wanda kuma ya ce zai yi maka folishin kaɗai alhali kanta na nan daram, ka tashi kawai.

Na iska da hoda shi ne wanda nake ganin ya cancanci ƙarin kuɗin ga mutum ɗaya, wato ma'abocin goro ko sigari ko wanda ba ya rabuwa da kofin shayi, wanda tabon ya shiga tsakanin haƙora da ƙananan ramukan turame inda robar ba ta kaiwa. Na'urar tana feso iska da ruwa da hoda a haɗe da ƙarfi, tabon na goro da ya yi ja ya koma baƙi sai ka ga yana wankewa nan take. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake amfani da ita, ta farko da ta yi suna ita ce Prophy-Jet, Airflow kuma na kamfanin EMS ne na ƙasar Suwizalan. Abin tambaya a nan shi ne wace hoda za a sa. Tsohuwar ita ce bekin soda, mai ɗanɗanon gishiri, tana da ƙarfi a kan tabo mai kauri amma tana iya ƙuna a dasashi, tana dusar da ƙyallin ciko, kuma akan kauce mata ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda da aka hana shi gishiri. Sababbin, gilaisin da iritiritol, sun fi laushi nesa ba kusa ba, da su ake wa masu ƙarfen gyaran haƙori da masu dashen haƙori, har ƙarƙashin dasashi ana iya sa su. Mai asma ko wata matsalar numfashi ya faɗa tun kafin a fara saboda ƙurar da ke tashi. Sai dai ita ma wannan na'urar ba ta fasa kanta mai tauri, dole sai an haɗa da sikelin, don haka in aka tallata maka ita a matsayin madadin sikelin to ba a gaya maka duka ba.

Yanzu bilicin. Duk waɗancan ukun launin da Allah ya halicci haƙorinka da shi suke dawo maka da shi, in dama haƙorinka ruwan madara ne to ruwan madara za ka gani, ba farin takarda ba. Bilicin ne yake sauya launin, da sinadarin haidirojin ferokzaid ko ɗan'uwansa kabamaid, ko dai a asibiti a rufe dasashi a shafa mai ƙarfi, ko a yi maka roba daidai bakinka a ba ka mai sauƙi ka riƙa sawa a gida na wasu makonni. A Tarayyar Turai doka ba ta yarda a sayar wa mutum kai tsaye da abin da haidirojin ferokzaid ɗin cikinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100 ba, har zuwa kashi 6 kuma sai ta hannun likitan haƙori, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi tunani kafin ka sayi wani ruwa a kwalba marar suna a hannun masu talla a WhatsApp. Bilicin ba ya sauya launin ciko ko haƙorin roba, sai ka ƙare da haƙori biyu launi daban-daban, ba a yi wa mai kogon haƙori ko mai ciwon dasashi sai an yi magani tukun, kuma akan ce mai ciki da mai shayarwa su jira. Shi wankin na sikelin kuwa mai ciki tana iya yi, ciki ma yana sa dasashi kumbura.

Launin cikin haƙori shi ne mai wahala. Wanda ya taso da shan ruwan da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa (shi ne ake sawa a man goge baki don kare haƙori, amma a ruwan sha yawansa illa ne), haƙorinsa kan fito da farare ko jajayen dabbare-dabbare tun yana yaro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita, kuma an san wannan matsalar a yankin Langtang na jihar Filato, a Tibiri ta jihar Maraɗi kuwa abin ya wuce haƙori har ƙasusuwan yara ya lanƙwasa. Haka yaron da aka ɗirka wa kafson tetirasaikilin kafin ya kai shekara 8, ko uwarsa ta sha tana da cikinsa, haƙoran kan yi toka-toka da zane a kwance. Haƙori ɗaya da ya yi duhu bayan faɗuwa ko duka kuma wataƙila jijiyarsa ce ta mutu, sai an ɗauki hoto. Duk waɗannan ko sau nawa aka yi folishin ba abin da zai sauya, aikinsu daban ne, bilicin na dogon lokaci ko a lulluɓe fuskar haƙorin da ciko mai launin haƙori ko ɓawon tangaran, kuma nan kuɗin ba na wasa ba ne.

Kayan gida kuma ba zan ja ba. Garin gawayi da toka da gishiri suna karce tabo amma har da ɓawon haƙorin suke tafiya, shi kuma ba ya tsirowa, in ya yi siriri launin rawaya na ciki ne zai ƙara fitowa. Lemon tsami da bekin soda ya fi su muni don tsamin yana narkar da ɓawon. 'Yan injinan sikelin na caji da ake sayarwa a intanet, ba ka ganin bayan haƙorinka balle ƙarƙashin dasashi, ka bar su. Abin da ya dace ka saya burushi ne mai laushi, da man da aka rubuta fuloraid 1,350 zuwa 1,500 a jikinsa, da zaren sakace, asuwaki ma yana aiki sosai in ana bin kowane haƙori ciki da waje ba a tsaya taunawa kawai ba.

Batun inda za ka je, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen haƙori, yawanci sun fi sauƙin kuɗi, sai dai layi da yanke kati da dawo gobe. Masu zaman kansu sun fi sauri kuma a nan aka fi samun na'urar hoda. Ba dole sai babban likita ne zai yi maka ba, akwai ma'aikatan da sikelin da folishin shi ne aikin da suka karanta kuma suna da hukumar da ke musu rajista a Najeriya. Abin da ba zan yi sassauci a kai ba shi ne tsabtar kaya, aiki ne da jini ke fita, ciwon hanta na iya bi ta ƙarfen da ba a dafa ba, ka lura a gabanka aka yage ledar da kayan suke ciki, kuma ba laifi ba ne ka ce, likita dan Allah da na'urar turara kaya kuke amfani? Ka kuma faɗa in kana shan maganin tsinka jini ko an sa maka batirin zuciya.

Wankin duk wata shida da ake cewa a riƙa yi ma ba ƙa'ida ba ce ga kowa, bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta yi a 2018 ta nuna cewa ga manyan da dasashinsu ba shi da ciwo mai tsanani kuma suna zuwa ana duba su, wankin kan kari bai kawo wani bambanci sosai a lafiyar dasashi ba, sai ɗan rage kanta. Mai sigari da mai suga da wanda aka riga aka samu aljihu a dasashinsa shi ne zai riƙa komawa akai-akai, wani ma duk wata uku.

Amare da angwaye kuma, kar a bari sai ana gobe kamu. A yi sikelin saura mako biyu ko fiye don dasashi ya lafa jinin ya tsaya, in za a yi bilicin to bayan sikelin ɗin ne, a kuma ɗan ɗaga wa goro da shayi da zoɓo ƙafa na kwana biyu bayansa.