Jama'ar Kaduna a yi hattara: an sayar mini da ungulu da kan zabo da sunan GTX 1050 Ti

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Daren jiya na sake cin karo da hoton tallan da aka cuce ni da shi a Facebook, katin girafik ɗin nan (katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta) a kan jan kafet ɗin nan, an canza sunan shafi kawai, sai na ce wallahi shiru ya ƙare. N95,000 yaron da ya sayar mini da katin ya ci mini. N95,000 a wannan marra da buhun shinkafa ke gagarar magidanci. Allah ya isa, ban yafe ba.

Waɗanda suka san ni sun san wata bakwai nake haɗa akwatin gem irin na tsaye, irin wanda muka taso muna jefa masa kwabbai a Tudun Wada muna buga Street Fighter II da Mortal Kombat da Metal Slug. Saboda 'ya'yana nake yi, su biyu, don su zauna a gida su daina yawon gidajen gem na unguwa. Kafinta a Panteka ya yanka mini katako ya haɗa jikin, na sayo sandar sarrafawa biyu da maɓallai, na sa tsohuwar kwamfuta Dell OptiPlex ta hannu mai Core i5 a ciki. Kuɗin a hankali na tara shi, wata bayan wata, har da kwasar adashina. Ba kuɗin banza ba ne.

Kuma kada wani ya zo yana ce mini ai ban yi bincike ba. Na yi. Na san MAME, manhajar da ke kwaikwayon tsoffin injinan gem tun 1997, ƙarfin furosesa ta fi dogara da shi, wasannin 1991 da 1992 ko babu kati suna tafiya lafiya. Abin da ya sa na nemi kati shi ne wasannin Dreamcast da PlayStation 2 da babban yarona ke so, da kuma kwalliyar hoton nan da ake kira shader, da ke sa hoton talabijin na zamani ya koma kamar na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, da layi-layinsa. Su ne ke sa kwamfutar ta riƙa sarƙewa. Na zauna na auna. Fawa saflai ɗin kwamfutar, wato na'urar da ke ba ta wuta, wat 290 ne, ba zai ɗauki babban kati ba. GTX 1050 Ti kuwa wat 75 take ci, tana da ma'ajiya 4GB, kamfanin Nvidia ya fitar da ita a 2016. Daidai buƙatata. Zaɓin da na yi ba shi da aibu, har gobe ina kan bakana. Mutumin ne macuci.

Abin da ya fi ci mini rai, ni na ce masa mu haɗu ido da ido. Ni ne na ƙi yarda da a aiko mini ta mota. Da ya ce in tura rabin kuɗi ya ba direba, na ce a'a, sai na gani da idona. Ya ce, "Babu damuwa Yaya, ai gaskiya ba ta tsoron rana." Haka ya rubuta, yana nan a WhatsApp ɗina. Muka haɗu ranar Asabar da La'asar a wajen Kawo, gaban wani shagon gyaran waya. Sahu ɗaya muka yi salla da shi, kafaɗarsa na gogar tawa. Yaro ne da bai wuce shekara 25 ba, fes da shi, farar jallabiya, magana a nutse, sai Yaya kaza Yaya kaza. Da muka fito masallaci har takalmina ya juyo mini. Wannan juya takalmin ya tsaya mini a rai, ko barci na kwanta sai in gan shi ya sunkuya.

Ya shiga shagon kamar nasa, ya gaisa da mai shagon, ya jawo wata kwamfuta da ya zo da ita a cikin buhun bako, ya jona. Katin na ciki. Ya buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera sunayen kayan da ke cikin kwamfuta, ya ce in matso in karanta da kaina. Na karanta: NVIDIA GeForce GTX 1050 Ti. Ya buɗe wani wurin, 4096 MB, wato 4GB. Ya kunna wani tsohon wasan tseren mota ya ba ni na buga wajen minti biyar, sumul. To ku gaya mini, wane ne a cikinku zai ga wannan ya ce ƙarya ce? Windows ce da kanta ta rubuta sunan. Ban san ana iya sauya bayanin da ke cikin BIOS ɗin kati, wato 'yar manhajar da ke cikin jikinsa, ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Yanzu na sani, da N95,000 na saya.

Af, na tsallake wani abu. Tun kafin mu haɗu, N110,000 ya sa a tallan. Kwana uku muna ciniki. Ya ce shi ɗalibi ne, kuɗin rajista yake nema, katin yayansa ne ya aiko masa daga waje. Na taya 85, ya ce albarka, na ƙara, muka daidaita a 95. Har tausayinsa na ji. Da zan tafi na ƙara masa N2,000 na ce ya hau Keke. Wato N97,000 ke nan idan an haɗa, ban da kuɗin man da na ƙona daga Unguwar Rimi zuwa Kawo sau huɗu daga baya ina nemansa.

Da ya zare katin ya miƙo mini, na juya bayansa na ga kafar jona monita ta VGA, shuɗiyar nan mai ramuka 15. Wallahi murna na yi. Ina da tsohuwar monita a gida mai VGA, na ce to ga wadda zan riƙa gwaji da ita. Ashe wannan shuɗiyar kafar ita ce babbar shaidar da ke gabana, tana hannuna, ina shafa ta da yatsa. Daga jerin GTX 10 Nvidia ta daina fitar da hoton analog, 1050 Ti ta gaskiya HDMI da DisplayPort da DVI-D ake samu a bayanta. Na kuma ga tana da wurin jona wuta mai fil 6, nan kam na tambaya, na ce ai na karanta wannan katin daga jikin madabod, babban allon cikin kwamfuta, yake shan wuta. Ya ce, "Yaya wannan mai fanka biyu ce, akwai masu zuwa da shi." Kuma gaskiya ne akwai masu zuwa da shi, na taɓa gani, shi ya sa ban ja ba. Ya ciro wata 'yar waya mai juya wutar SATA zuwa fil 6 ya ce kyauta ya ba ni. Ya haɗa mini da faifan CD marar tambari, ya ce direban da ke ciki, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, shi kaɗai zan sa, kada in sauke na intanet, wai sabbin direbobi suna wahalar da tsoffin kwamfutoci. Na tambaya fa. Ba wai na karɓa ido rufe ba ne. Duk tambayar da na yi yana da amsarta a bakinsa.

Taransifa na yi. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne wanda ya gaya mini ba, ya ce na ƙanwarsa ne, nasa yana da matsala. Alat ya shigo, ya nuna mini, muka yi musabaha, ya ce Allah ya sa yara su ji daɗinsa.

Daren farko lafiya lau. Na ɗaura katin, na sa direban faifan, MAME ta tashi, yara suka buga Metal Slug har ƙarfe goma, uwarsu na ta faɗan a kashe a kwanta. Kashegari, ko dai Litinin ce, na manta, na kunna wasan PlayStation 2 na ɗaga ingancin hoton. Minti biyu ba a yi ba allon ya cika da ɗigo-ɗigo kore da ruwan hoda, sai ya yi baƙi, kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta. Na zaci wutar NEPA ce, na koma kan janareta, haka. Na zaci zafi ne don katin na cikin akwatin katako, na cire murfin baya na kafa masa fankar ɗaki, haka. Sai na sauke sabon direba daga shafin Nvidia, nan ne katin ya ƙi tashi gaba ɗaya, Device Manager ya sa masa alamar rawaya da lambar matsala Code 43. Na kira yaron, ya ɗauka, ya ce ai ya gaya mini kada in taɓa direba, ni na lalata. Ya ce zai zo gobe ya duba. Goben da ba ta zo ba ke nan. Ranar Laraba layinsa a kashe, WhatsApp ya toshe ni, shafin Facebook ɗin ya ɓace.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta a kan titin Ahmadu Bello Way na kai wa. Bai ma jona ba, yana ganin shuɗiyar kafar ya dube ni ya ce, "Malam, nawa ka ba su?" Na kasa buɗe baki. Ya mayar da tsohon direban, ya buɗe GPU-Z, 'yar ƙaramar manhaja ce ta kyauta mai nuna bayanan kati. A gaban sunan katin an rubuta FAKE ɓaro-ɓaro. Ya nuna mini wurin da ake ƙirga ƙwayoyin aikin katin: 192. Na 1050 Ti na gaskiya 768 ne. Ya kwance noti huɗu ya ɗaga ƙarfen sanyayawar, man da ke ƙasa ya bushe kamar alli, saman ƙwaƙwalwar katin kuma an goge rubutunsa da samfefa, ana ganin zanen gugar. Ya ce GTS 450 ce ta 2010, mai 1GB, aka yi mata sabuwar riga da sabuwar fanka. Shi ya sa ƙananan wasanni ke tafiya, da zarar wasa ya nemi abin da ya wuce 1GB sai katin ya je neman ma'ajiyar da babu ita ya faɗi. Direban faifan kuma tsoho ne da aka yi wa kwaskwarima, don tun 2018 Nvidia ta daina yi wa irin waɗannan katunan sabon direba. Ya ce ko N10,000 shi ba zai saye ta ba. N95,000 na biya.

Na koma Kawo shagon nan. Mai shagon ya rantse da Allah bai san shi ba, ya ce yaron ya zo da rana ya roƙi a bar shi ya jona wuta na minti goma, ya ba shi N500. Na yarda da shi, don na ga yadda jikinsa ya yi sanyi. Wato gaisuwar nan da na gani, da shiga shago kamar nasa, duk shiri ne. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na je bankina na cike takarda da lambar asusun da kuɗin ya shiga, ina jiran abin da Allah zai yi.

Matata ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi faɗa zafi, don ita ta ce in bari sai bayan an biya kuɗin makaranta. Ƙaramin yarona kullum ya dawo islamiyya sai ya tambaye ni, "Baba an gyara?" Na cire katin na mayar da akwatin kan hoton da ke jikin kwamfutar, suna buga tsoffin wasannin, babban kuma ya daina tambayar na PlayStation 2, ya gane.

Masu neman kati: in kun ga VGA a bayan 1050 Ti ku ajiye ku tafi. Ku je da GPU-Z a filas ɗinku, kada ku yarda da Device Manager. Wanda ya ce sai direban faifansa ɓarawo ne. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, kada ku tura.

Ina da komai: hirarmu ta WhatsApp daga farko har inda ya toshe ni, rasit ɗin N95,000, hoton tallan farko da na daren jiya, hoton GPU-Z, da hoton ƙwaƙwalwar da aka goge. Zan ɗora su anjima da daddare in na rufe lambobin da jami'in da ke riƙe da ƙarar ya ce kada in fitar tukuna. A sabon tallan kati uku ya jera a kan kafet ɗin, ya rubuta wai yana Barnawa yanzu. Duk wanda ya saya a hannunsa, ko yake cikin ciniki da shi a halin yanzu, don Allah ya yi mini magana ta inbos kafin ya tura ko sisi.