Baƙin keke mai ƙafa ko farin na lantarki: amsa ga mai son komawa ɗinki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya wane keken ɗinki za ki saya, baƙi mai ƙafa ko fari na lantarki. Ki sayi baƙin nan mai ƙafa, Butterfly, ki bar farin na lantarki tukuna. Tunda kin ce ba shago za ki buɗe ba, ɗinkin da kika ajiye tun kafin aure kike son komawa don jin daɗinki da 'yan kayan yara, to keken da zai yi miki shi ne wanda duk sanda kika zauna zai tashi, ba sai kin jira komai ba.

Matar gida ba ta da tsayayyen lokacin ɗinki. Wata rana rabin awa ce bayan yara sun tafi Islamiyya, wata rana sai bayan isha'i an gama kwashe kwanuka. Wuta kuwa ba ta shawara da kowa. Idan marmarin ya taso kika tarar an ɗauke, yau haka gobe haka, kafin ki ankara kin mayar da keken kwalinsa, kuma sha'awar da ta daɗe a kwance ba ta jure irin wannan. Na san mata da yawa da suka dawo da zafinsu, suka sayi yadi da zare, abin ya mutu a nan. In kuna da sola a gida wannan hujjar ta ragu, amma sauran suna nan.

Babbar hujjata ita ce gudu. Hannun da ya daɗe bai riƙe yadi ba yana buƙatar ya tafi a hankali, musamman a lanƙwasar wuya da hammata. Keke mai ƙafa ke ce injinsa: kina iya tafiya ɗinki ɗaya ɗaya, ki tsaya allura na cikin yadi, ki juya, ki ci gaba. Ƙananan na lantarki masu araha kuwa in kin taka kaɗan sai su yi gunji ba su motsa ba, in kin ƙara sai su zabura, yadin ya kuɓuce miki. Farke ɗinki sau uku a riga ɗaya yana sa mutum ya ɗauka ya manta komai, alhali ba mantuwa ba ce, keken ne ya fi hannun sauri.

Nawa na Hajiyarmu ne, cikin kayan ɗakinta ya zo. Ya yi shekaru a kusurwar ɗakinta a Fagge an lulluɓe shi da tsohon zani, an jera kuloli a kai. Da na ce ina so, sai ta ce in dai zan yi aiki da shi in ɗauka. Gam yake, ko motsi ba ya yi. Wani dattijo mai gyara ya zo har gida, ya kwantar da kan keken baya, ya ɗiga kananzir a kowace gaɓa, ya sa tsohon buroshin haƙori ya fitar da ƙura da audugar da ta dunƙule a ƙarƙashin haƙoran da ke jan yadi. Ya bar shi ya jiƙa, ya goge, ya bi da man keke, ya yanka sabon bel na fata ya ɗaura. Da ya taka sai ga ƙarar nan da na tashi da ita a kunnena tun ina 'yar firamare. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Siket na fara yi wa ƙaramar 'yata da ragowar atamfa, kalmasar ta ɗan karkace ta baya, amma yarinyar nan ta ƙi cire shi har ta yi barci. Ƙafata kuwa ko minti goma ba ta yi ba ta tuna takunta.

Abin da ya sa gyaransa bai yi wuya ba, ƙirarsa tsohuwa ce kuma kowa ya san ta. A Shanghai ta ƙasar Sin ake ƙera Butterfly, kuma ya bi tsarin tsohon Singer samfuri na 15 ne, shi ya sa bobin da gidan bobin da allura na irin waɗannan kekuna suke shiga juna. Cikinsa ƙarfe ne zalla. Duk unguwar da kike a Kano, daga Kurna har Sheka, ba za ki rasa mai gyaransa ba, kayansa kuma suna nan birjik a kasuwar Sabon Gari da Ƙofar Wambai. Yana cin shadda mai sitati, yana cin atamfa ninki huɗu, yana cin labule da zanin gado, in dai kin sa allurar da ta dace: lamba 14 ga atamfa, 16 ga shadda mai kauri da labule, 11 ga yadi mai santsi marar nauyi.

Na lantarkin ma na taɓa saya. Ranar da na sa masa shadda a wurin da ɗinki ya haɗu da ɗinki, ya yi ƙara ya tsaya, mai gyara ya buɗe ya nuna min giyar roba ta cinye, har yau ba a samu irinta ba.

Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: yana zigzag, yana yin ƙofar botin, yana da fitila, kuma kina iya ɗaga shi da hannu ɗaya ki ajiye a saman wardirob. Baƙin keke ɗinki miƙaƙƙe kaɗai ya iya, yana cin wuri, kuma in kina fama da ciwon gwiwa ko ƙugu zai dame ki. Idan hijabai na yadin roba mai talewa kike son yi da yawa, nan kam zigzag ya fi shi, domin miƙaƙƙen ɗinki yana tsinkewa in an ja yadin. Amma gefen atamfa da kike tsoron ya zare, ki tara ki aika wa mai wibin na bakin layi ya bi miki da kuɗi kaɗan, haka teloli da yawa suke yi. Ranar da ƙafarki ta gaji ko aiki ya yi yawa, akwai 'yar mota, wato ƙaramin injin lantarki, da ake sayarwa daban a ɗaura wa baƙin keken da noti ɗaya, sai ya zama na lantarki. An ɗauke wuta ki mayar da bel ki ci gaba da takawa. Farin kuwa yawanci ba a iya mayar da shi na ƙafa.

Babban na masana'anta da teloli ke amfani da shi kada ma ki kalle shi yanzu. Haka 'yan ƙananan nan masu batir da ake tallatawa a Facebook da TikTok, wasan yara ne.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, domin masu sayar da keke akwai na Allah akwai waɗanda ba sa tsoronsa. Wasu tsohon kai suke samu wanda ya gama cinyewa, su fesa masa baƙin fenti, su manna sabon zanen ruwan gwal, su sa a kwali su ce sabo ne. Wasu sunan suke kwaikwaya, ki ga an sauya harafi ɗaya. Wasu kuma keken na gaske ne amma an zare gidan bobin na asali an sa na banza, ko a nuna miki kai mai kyau a ɗaure miki wani a cikin kwali. Saboda haka wanda kika gwada shi za a ɗaure a gabanki. Kada ki tura wa kowa kuɗi a kan hoto ko bidiyo.

Ki je da telan da kika yarda da shi, ki kuma je da ƙyallenki, kada ki yarda da ɗan siririn ƙyallen da mai shago ya ajiye don gwaji. Ki ninka atamfa huɗu a ɗinka, ki juya ki duba ƙasan: in zaren ya kwanta lafiya sama da ƙasa iri ɗaya, madalla, in yana tsallake ko yana tara zare a ƙasa, a gyara a gabanki ko a sauya. Ki sa a kwantar da kan baya ki leƙa cikinsa, fenti ba ya kaiwa can, tsatsa da cinyewa a nan suke bayyana. Ki kama sandar allurar ki girgiza, bai kamata ta yi lilo ba. Ki gwada ɗinkin baya. Teburin ma ki duba, na yanzu da yawa garin katako ne da aka matse, ruwa na taɓa shi zai kumbura. In kin samu tsohon teburi na katakon gaske da ƙafar ƙarfe mai nauyi, ya fi sabo.

In kuma zuciyarki ta nace sai na lantarki, musamman na hannu da ake kawowa daga waje, ki duba 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Wutarmu 230V ce. Na Amurka 110 zuwa 120 suke ci, na Japan 100. In kika jona irin wannan kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, nan take zai ƙone, kuma mai shago ba zai karɓa ba. Wasu ba za su gaya miki ba sai kin tambaya.

Kafin ma ki shiga kasuwa ki tambayi Hajiya da gwaggonni. Gidaje da yawa a cikin gari akwai irin keken nan a lulluɓe, tsofaffin kuma sun fi na yanzu nauyi da ƙarko. Kuɗin gyara da bel ba zai kai ko kusa da kuɗin sabo ba.

Idan ya iso gida, kada ki fara da kayan Sallah ko atamfa mai tsada daga Kantin Kwari. Cire zaren, ki samu takardar tsohon littafin yara mai layi, ki yi ta bin layin da allura har ƙafa da hannu su daidaita. Ki tuna wilin da ke gefen keken wajenki yake juyowa; in ya koma baya zare zai tsinke. Allura kuma gefenta mai faɗi yana kallon dama ne, zaren ya shiga daga hagu. In kin ga zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi kada ki taɓa notin gidan bobin, yawanci daga sama matsalar take: ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ki zare zaren saman gaba ɗaya ki sake sa shi. Ki ajiye keken kusa da taga domin ido ba kamar da ba ne, ki riƙa rufe shi saboda ƙurar hunturu, kuma man keke kaɗai za ki sa masa, ban da man gyaɗa, domin daskarewa yake ya riƙe ƙarfen. Ki fara da rigar filo, daga nan ɗan siket mai roba a ƙugu. In kin gama ki turo mana hoto mu gani. Allah ya sa albarka.